Me Ya Sa Motar Asibiti Ta Fi Ta Kasuwa Tsada?

Zuwa ga Shugaban kamfanin manhajar motocin haya da ake cinikin kuɗin mota a cikinta, da ma'aikatansa masu kula da shiyyar Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, domin maganar lafiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na aika ƙorafi ta cikin manhajarku har na gaji, amsar kullum guda ce, wai kun gode da na tuntuɓe ku. To ni ma na gode, amma godiya ba ta kai mara lafiya asibiti, shi ya sa na fito fili.

Ni malamar firamare ce a Illela, kuma ni ce babba a gidanmu. Mahaifina tsohon mai awon hatsi ne a kasuwar garin nan. Ciwon ƙoda ya kama shi, duk Litinin da Alhamis sai an kai shi babban asibiti a Sakkwato an yi masa wankin ƙoda. Idan ya tsallake rana ɗaya, ƙafafunsa su kumbura, numfashi ya gagare shi. Motar tasha kuwa kowa ya san ta: huɗu a baya, biyu a gaba, buhun albasa a gwiwar mutum, kuma ba ta tashi sai ta cika. Tsohon da ke zama da kyar ba zai iya wannan ba. Da aka nuna mini manhajarku, aka ce direbobin da suka kawo fasinja daga Sakkwato suna neman wanda za su koma da shi, na yi murna ƙwarai. Har talla na yi muku a ofishin malamai, ba ku biya ni ko sisi ba.

Ga abin da ke damuna.

Na farko, kun kira abin nan ciniki, amma kun ɗaure hannun mai saye kafin a fara. A kasuwarmu, ko yarinya aka aika sayen tattasai ta san ba a nuna wa mai kaya matsuwa. Ka taya, ya ce albarka, ka yi kamar za ka wuce, ya kira ka, ku daidaita. Ku kuwa sai na rubuta inda za ni tukuna, direba ya karanta, sannan ya faɗi kuɗinsa. Da zarar ya ga sunan asibiti, ya san ba ni da inda zan wuce. Na taya dubu goma sha biyar, amsa ta zo dubu talatin, wani ma har da biyar a kai. Wata maƙwabciyata mai sarin atamfa ta nemi mota a safiyar nan, hanyar nan, ta rubuta kasuwa, aka sallama mata a dubu goma sha takwas. Kwalta ɗaya, mai ɗaya, rana ɗaya. Bambancin kawai ita atamfa za ta ɗauko, ni kuma ubana zan kai.

Na biyu, kun sa wa tayin direba agogo, wai in ban karɓa da sauri ba ya ɓace. Da alama wanda ya tsara wannan bai taɓa riƙe waya a Illela ba. A unguwarmu, kana tsaka da abu sai wayarka ta kama sabis ɗin Konni, ta yi maka barka da zuwa Nijar da Faransanci alhali kana tsakar gidanku. Kafin ta dawo Najeriya, tayin mai sauƙi ya tafi, sai masu tsada suna jirana.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Da na gane inda matsalar take, sai na daina rubuta asibiti. Na riƙa rubuta wata kasuwa da ke kusa da shi. Nan take kuɗin ya sauko. An yi haka sau biyu lafiya, domin direbobin da suka zo mutanen kirki ne, suna ganin halin da Baba ke ciki suka ƙarasa da mu har ƙofar ɗakin wankin. Ɗaya ma shi ya tallafe shi ya shigar da shi, a hanya yana ba ni labarin yadda kuɗin mai da kason da kuke cira suke cinye wahalarsa. Saboda haka kada a ce na yi wa direbobi kuɗin goro.

Ranar Litinin da ta wuce aka samu wanda ba haka yake ba. Ya ga Baba tun a ƙofar gida, ya ga yadda muka kwantar da shi a baya, ya ja mota har muka shiga Sakkwato. Yana isa bakin kasuwar ya kashe mota, ya juyo mini da wayarsa, ya ce nan aka rubuta, nan za a sauka, in kuma asibiti nake so to sabon ciniki ne, in ƙara dubu goma. Tafiyar da ta rage ba ta kai daga tashar Illela zuwa bakin iyaka ba. Abin da ke jakata kuɗin wanki ne, in na taɓa shi ba za a ɗora Baba a na'ura ba. Na roƙe shi don Allah, na roƙe shi don darajar furfura, ya ce manhaja ce shaidarsa. Kuma abin haushin, gaskiyarsa ne, manhajarku tana bayansa.

Haka ya sauke mu cikin rana. Na zaunar da Baba a bencin wani mai shayi, na shiga tare Keke Napep, duk wanda ya tsaya ya ga mara lafiya sai ya wuce. Kafin mu isa an ba wani gurbinmu, domin na'urorin kaɗan ne, masu jira da yawa. Sai da yamma aka samu aka yi masa rabin wanki, aka ce mu dawo Alhamis kada mu kuskura mu makara. Na yi gudun gara na faɗa wa zago.

A hanyar komawa Baba ya tambaye ni, da muryar da kyar take fita: “Ɗiyata, mi kika rubuta musu har aka aje mu kasuwa?” Na gaya masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa bai taɓa tauye wa kowa mudu ba, sai ya kawar da kai, ya ce shi ba zai sake shiga motar da aka samo da ƙarya ba, ko da kuwa ita ce ta ƙarshe a duniya. Na san halinsa, in ya faɗi magana ya faɗa. Na ji kunya, na ji haushi, kuma har yanzu ban san wanda ya fi ba ni haushi ba tsakanin ni da ku.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon abubuwa kamar haka. A ɓoye wa direba sunan wurin da fasinja zai sauka har sai an gama ciniki, a nuna masa unguwa da nisan tafiya kawai, wannan ya ishe shi lissafin mansa. In hakan ya gagara, a sa iyaka ga abin da za a caji mai zuwa asibiti. A tsawaita lokacin tayi a garuruwan bakin iyaka. Sannan a ajiye mutum mai rai, mai jin Hausa, da za a kira idan an sauke mara lafiya a titi. Ban nemi a kori direban nan ba, shi ma yana da iyali, kuma ku kuka ba shi wuƙar.

Yau Laraba, an yi la'asar, gobe Alhamis ce ranar wankin Baba. Ƙafafun Baba sun fara kumbura, takalminsa ya ƙi shiga. Na buɗe manhajarku na rubuta sunan asibitin ɓaro-ɓaro kamar yadda yake so, na taya iya abin da nake da shi. Tun azahar nake zarya tsakanin ɗakinsa da zaure ina ɗaga waya sama. Direbobi suna ganin tayin, kun ma nuna mini suna gani, babu wanda ya karɓa.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya tsare direbobinku a hanya, ya ba ka lafiya kai da iyayenka. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya kana tunanin ɓoye sunan asibiti don ka samu ka kai mahaifinka.

Wassalam.

Malama Asabe,
Illela, Jihar Sakkwato.