Ɗumin Tafin Hannunki a Tasmania

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa, ya yalwata miki makwanci. Daga ɗakinmu na unguwar Sentul, a nan Kuala Lumpur, nake rubuto miki. Ruwa na ta zuba a waje, fanka kuma na juyawa, don kin san garin nan, ko ana ruwa gumi ba ya barin mutum.

Labarin takwararki Walida na kawo miki. Tun ranar da aka bugo mana waya cewa kin rasu, yarinyar nan ta rufe bakinta da Hausa. Da ma da ke kaɗai take sakin jiki ta yi ta. Idan na kira ta cin abinci, sai ta ce, "Later lah, Mummy." Na lallasa, na yi faɗa, har na daina amsa mata Turanci, duk a banza. Abbanta ya ce in ƙyale ta. Ni kuwa na ji tsoro ƙwarai, Umma, kada a ce Hausarta ta bi ki kabari, ranar da muka koma Kano ta zauna cikin danginta kamar baƙuwa.

Kin tuna zuwanki Kuala Lumpur? Duk mutane na kukan zafi, ke kina kukan sanyi. Da mun shiga jirgin ƙasa ko manyan kantunan Bukit Bintang, sai ki ja mayafi ki ce mutanen nan sun mayar da mu nama a firiji. Sannan ki murza tafin hannuwanki, ki hura musu iska, ki ɗora a kunnuwan Walida kina cewa, "Kawo kunnen, takwara, kar sanyi ya shige ki." Ni dariya nake yi miki, ita kuwa har miƙo kai take yi tun kafin ki kira ta.

To, bana an tura Abban Walida wani aikin bincike na 'yan watanni a Tasmania, wani tsibiri can ƙasan Ostireliya. Da ya kusa gamawa sai muka bi shi, ya ɗauki hayar mota don mu zaga tsibirin. Ya ce in taho da kayan sanyi. Na duba na ga ƙarshen watan Mayu ne, na ce wane irin sanyi kuma? Na zuba mana atamfofi da 'yar rigar da nake sawa a laburare. Ashe su can komai a juye yake, lokacin zafinmu shi ne sanyinsu. Muna fitowa daga filin jirgi iska ta mare ni, haƙorana suka fara rawa. Surukinki ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya wuce da mu shagon gwanjo. Na samu wata jibgegiyar kwat ta wani tsoho, na ɗora a kan atamfata. Da kin gan ni da kin yi salati.

Amma ƙasar akwai kyau, Umma. Mun tarar da ganyen bishiyoyi ya koma ja da ruwan ɗorawa, yana zubowa a gefen titi. Tumaki kuwa cike da fili, ga ƙiba, babu mai kiwo ko ɗaya. Na ce da ke ce, sai kin sa an tsayar da mota kin tambayi ina masu su. Mukan bi bakin teku rabin yini ba mu haɗu da mota ba sai jefi-jefi. Abincinmu kifi da dankali da tuffa, sai shayin citta da kanumfari da nake cika filas da shi kowace safiya, irin naki.

Ranarsu gajeruwa ce. Ana idar da azahar la'asar ta ƙwanƙwasa ƙofa, kafin ki naɗe dadduma magariba ta kawo kai. Mukan tsaya a gefen hanya mu yi alwala da ruwan ɗumi, mu yi sallah iska na fizgar mayafina. Walida na bayan mota, tana kallon taga, ba ta cewa komai sai "So pretty."

Kafin mu gama zagayen, ganyen ya kakkaɓe, sanyi ya kankama sosai. Wata rana da hantsi muka hau wani dutse, hanyar na ta lanƙwasa, har muka iso inda ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat. Walida ta fita da gudu. Ni ma na fito, sai iska ta ratsa siririn mayafina ta shige min kunnuwa, zafi kamar ana soka min allura. Nan take kika faɗo min a rai. Na tsuguna kusa da mota na toshe kunnuwana, hawaye na zuba, ni kaina ban san ko na sanyi ne ko na kewarki ba.

Ban ji zuwanta ba. Na dai ga ta cire safar hannunta, ta murza tafukanta, ta hura musu iska, ta cusa su ƙarƙashin mayafina. Sai ta ce, da irin jan muryarki sak, "Kawo kunnen, Mummy, kar sanyi ya shige ki."

Hannuwanta sun fi kunnuwana sanyi, Umma, amma ban bari ta cire ba.

A hanyar saukowa ta gaya min abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Ba mantawa ta yi ba. Ta ce duk sanda ta buɗe baki da Hausa, muryarki take ji, sai kuka ya taso mata. Na ce mata ni ma haka, kuma ba laifi ba ne mu yi kukan tare. Abbanta ya yi ta gyaran madubin mota, alhali babu abin da ya same shi.

Yanzu mun dawo. Hausarta tana ɗingishi, tana manna "lah" irin na mutanen garin nan a wutsiyar kowace magana, amma kullum tana ƙaruwa. Jiya a kasuwar Chow Kit ta nuna kuɓewa ta tambaye ni sunanta, ta ce in koya mata miyar da kike yi. A jirgin ƙasa muna komowa kuwa, sanyi na busowa, na ga ta fara murza hannu. Ni ce na miƙa kai tun kafin ta kira ni.

Allah ya jiƙan ki, Umma, ya haskaka kabarinki, ya tsare ki daga zafi da sanyi, ya raya miki takwararki, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Autarki, Maman Walida