Kwanon Inna

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata a ranar ƙishi,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa numfashinki na yau ya fi na jiya sauƙi. Kwana goma sha ɗaya ke nan da motar asibiti ta ɗauke ki daga ƙofar gidanmu, kuma wallahi tun ranar ɗakin nan ya yi mini faɗi kamar gonar da aka girbe. Keken ɗinkina ma ya gaji da ni. Takunkumin fuska nake ɗinkawa ina raba wa mutane, amma sai in kafa igiya biyu a gefe guda, in zauna ina kallonsa kamar wawa. Ina kike, ke da kika saba yi mini dariya?

Kin tuna ranar da aka kulle gari saboda annobar nan? Kika tsaya a tsakar gida, koren gyalenki a kafaɗa, kika ce kowane maƙwabci ya riƙa ajiye kwanonsa a bakin ƙofa da safe. In an ga kwano, mai ɗakin yana nan, a zuba masa abinci. In babu kwano, a buga ƙofa. Na ce ki rufa mana asiri, tukunyarmu ba ta gidan biki ba ce. Kika harare ni da idanun nan naki masu hasken sabon wata, nan take na amince. Ranar na sake sonki kamar ban taɓa ganinki ba.

Da ciwon ya kayar da ke, ni na ɗauki ludayin. Ina zuba wa tsohon malamin makaranta, ina zuba wa matar direba da ta rasa mijinta tun makon farko, sannan in ƙarasa ɗakin ƙarshe, wajen Innarki. Kin san Inna da tsiya! Kullum sai ta yi mini ƙorafi ta bayan ƙofa, wai na juye gishirin kasuwa a miya, wai shinkafata sai mai haƙoran ƙarfe. Ran Litinin har ta ce, "Gobe ba zan fito da kwanona ba, sai 'yata ta dawo." Na yi dariya, ita ma na ji tana yi, da ɗan tari a ciki.

Farin cikina, ki zauna kafin ki ci gaba.

Ran Talata babu kwanon Inna. Na ce a raina tsohuwa ta cika alkawarinta na tsokana. Na ɗaga hannu zan buga, sai kunya ta kama ni: yaya zan tsaya ina dukan ƙofar surukata da sassafe? Na wuce. 'Yar matar direba na fama da zazzaɓi, na tafi bin layi a shagon magani, ban dawo ba sai la'asar. Har lokacin ƙofar a rufe. Ni da malam muka ɓalle ta. Mun same ta kwance a kan sallayarta, rai ya yi halinsa. Kwanon yana kusa da hannunta, a wanke, taku biyu tsakaninsa da ƙofa. Fito da shi za ta yi.

Ma'aikata suka zo cikin fararen riguna suka ɗauke ta, mu huɗu muka bi daga nesa. Likita ya ce ko da safen na buga, da wuya a yi wani abu. Ban yarda ba. Dokarki guda ce, mai sauƙi, ko yaro zai riƙe, ni kuwa na taka ta.

Akwai abin da ya fi wannan. Kin san alamar da muka yi: ƙarfe goma in tsaya a bayan shingen asibiti, in ɗaga koren gyalenki, ki gane gida lafiya. Na ɗaga ran Laraba. Na ɗaga ran Alhamis. Yau ma na ɗaga, kika manna tafinki a gilashin taga. Nas ɗin da za ta kawo miki takardar nan ta ce kada a tayar miki da hankali. To yaya zan yi? In faɗa, ina tsoron ƙirjinki. In yi shiru, ƙaryar nan tana ci mini rai. A waya na gwada sau uku, ina kashewa ban faɗa ba.

Ya tauraruwar asubata, ba ni da maganin da zan ba ki, ba ni da ikon riƙe hannunki, ban iya tsare miki ko uwa ɗaya ba. Ki yi fushi da ni shekara goma in kin so, ki daina yi mini magana, amma don Allah ki ci gaba da numfashi. Kwanukan maƙwabta ba za su kwana a bushe ba, kuma yanzu kowace ƙofa bugawa nake, ko da kwano ko babu.

Gobe ƙarfe goma zan zo, hannuna babu gyale. Ba na roƙon ki ɗaga mini hannu. Ki dai ajiye kofinki a bakin taga, in san kina nan.

Naki, jiya da yau da duk abin da ya rage mini na kwana,
Telanki