Marin da Na Yi wa Isufu

Daren Laraba, Zango

Har yanzu tafin hannuna zafi yake.

Yau a unguwar Bilbalogho mun gwada tsohon wasan kwaikwayon nan da ƙane ya kashe wansa ya hau sarauta, ɗan mamacin ya tashi ramuwa. Ranar Asabar za mu yi shi gaban jama'a. Ni ne ɗan, abokina Isufu ne maci amanar. Malama Ramatu mai koya mana ta nuna yadda ake marin wasa: hannu ya wuce gefen kunci, wani ya tafa a bayan labule. Ni kuwa na sauke masa na gaske. Shekara guda ina riƙe da shi a zuciya, tun da ya gaya wa maigidanmu na yi gyangyaɗi ina tuƙi a hanyar Bobo, aka karɓe mini kamiyo, babbar motar kayan da nake ja.

Ya dafe kunci, ya ci gaba da wasansa. Malama har da tafi: "Voilà! Haka nake so ranar Asabar!"

Abin da ke cina, ba ƙarya Isufu ya yi wa maigidan ba. Na yi barcin. Yana gefena, shi ya fizgo sitiyarin.

Da muka tashi ya tayar da moto, wato babur ɗinsa, ya jira ni kamar kullum. A ƙofar gidanmu ya ce, "Habu, in zuciyarka ba ta huce ba, ka ƙara ranar Asabar. Na fi son marinka da ɗaukar gawarka."

Na sauka daga moton na shige gida.