Ciyawar da ke farauta a Bomo

Anti Bibiana, ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai, kuma ba zan iya faɗa wa matata ba don dariya za ta yi mini. Ni malamin firamare ne a Palladan, shekarata hamsin da shida. Duk Asabar mu huɗu mukan haɗu a shagon gyaran waya na wani abokinmu Adeola a Sabon Gari, muna gyara maƙaloli a kundin sanin nan na intanet da kowa ke iya sa wa hannu, ɓangaren Hausa. Ni ne mai miƙe musu harshe, don Hausar yaran nan duk Turanci ya cinye ta.

Watan jiya Busola, ɗaya daga cikinmu, ɗalibar nazarin tsirrai a jami'a, ta kawo mana wata maƙala mai layi uku kacal kan tsiro mai cin ƙwari, ta ce mu faɗaɗa ta. Na ce ta daina zolayar babba, tun yaushe ciyawa ta yi baki? Sai ta buɗe hoton. Anti, ai na san shi. Marigayiya mahaifiyata, 'yar Bomo ce, ta taɓa nuna mini shi a gindin wani fako da ruwa ke tsattsafowa, bayan gonarta. Ita raɓar rana take ce masa, wai raɓarsa rana ba ta busar da ita, kuma da ita yake farauta. Da na je kwalejin malamai na dawo na ce mata littafi bai faɗi haka ba. Sai ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari daga coci na hau acaɓa zuwa Bomo. Yana nan, bai kai tsawon yatsa ba. Na kwanta rub da ciki da kayan cocina, awa biyu. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ya sauka ya maƙale, sai na ga siraran gashin ganyen suna lanƙwasowa kansa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, babu hanzari. Ba ido, ba kunne, amma ya san abinci ya zo. Ikon Allah! Na yi hawaye, ban ɓoye miki ba.

Na rubuta komai a maƙalar, har da sunan da Mama take kiran sa. Kafin gari ya waye Busola ta goge, wai dokar kundin ita ce sai abin da aka buga a littafi ko mujalla, ganin ido ba hujja ba ne. Na kira ta na faɗa mata maganganun da bai kamata ba, har da cewa na haife ta. Asabar uku ke nan ban je shagon ba. Ga shi an fara kafa duwatsun fuloti a inda tsiron yake, za a gina ɗakunan haya na ɗalibai. In aka zuba siminti, babu yadda za a taɓa sanin Mama ta yi gaskiya. In koma ne, ko in bar musu kayansu?

Malamin da aka goge wa rubutu, Palladan

Malam, sannu. Na karanta wasiƙarka sau biyu. Shekara nawa ina wuce Bomo ban san akwai irin wannan abu a ƙarƙashin ƙafarmu ba.

Amma Busola ba ta yi laifi ba. Da kowa zai rubuta abin da uwarsa ta faɗa masa, da tuni kundin ya cika da maganin bindiga. Ba ta ce ka yi ƙarya ba, cewa ta yi mai karatu a Kano ba shi da hanyar tabbatarwa. Kai ma kana da gaskiyarka, domin duk littafin da take nema, wani ne ya fara kwanciya rub da ciki ya gani kafin a buga. Kuma ina jin ba da ita kake fushi ba. Abin da ka yi wa mahaifiyarka ne aka maimaita maka, shi ya sa ya yi zafi haka.

Ga abin yi. Ka fara ba ta haƙuri, girma ba ya zubewa don wannan. Sannan ka kai ta wurin tsiron, ku tafi da Adeola da waya mai kyau. Hoton da kuka ɗauka da kanku kuna iya sa shi a maƙalar. Ita kuma ta san yadda ake busar da samfuri a kai ma'ajiyar tsirrai, a rubuta wuri da rana da sunan da mutanen wurin ke kiran sa. Ku tambayi tsofaffin Bomo ko akwai mai tuna sunan. In malamanta suka taya ta aka buga ko da shafi guda ne, ka sami hujjarka, kuma babu mai goge ta.

Sai dai ka yi sauri. Damina na ƙarewa, irin wannan tsiro kuwa da ruwa ya janye yake bushewa, kuma magina ba za su jira baɗi ba. Ka riga ka ba fushi Asabar uku, kada ka ba shi ta huɗu. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ku tarar da shi da ransa.

Anti Bibiana