Littattafan Wilfred

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau makarantar da ƙanena Wilfred yake koyarwa ta sallame shi. Ina shago ina ɗinki shugabar ta kira ni, ta ce in zo makarantar a Trikania yanzu. Na same shi zaune a ofis, rigarsa duk alli. Wai da safe ya shiga aji, ya cire agogon bango ya tura a ƙarƙashin tebur, ya rufe ƙofa, ya ce wa yara babu wani abu wai shi "yanzu". Awa uku bai bar kowa ya fita ba, har yara biyu suka fara kuka.

Shekara huɗu yana koyar da kimiyyar fiziks a wurin, ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

A cikin keke napep muna dawowa gida Makera ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya Ladi, kin san kanki ya girmi ƙafarki?" Mai keke ya leƙo mu ta madubi. Na ce masa ya yi shiru.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ba ya barci, ba ya cin abinci. Ya ce maƙwabta suna sauraronsa ta cikin rediyon Mama, ya kwance rediyon gaba ɗaya.

Kawu George ya zo, ƙanen Mama. Suka zauna suna ta tambayar juna ko wani ne ya yi masa jifa a wurin aiki. Ni ce na tashi na shiga ɗakinsa na ɗauko littattafan nan uku na Turanci, duka na mutum ɗaya, wani masanin kimiyya daga Turai. A kan lokaci, da sararin sama, da abin da aka yi duniya da shi. Na zube su a gabansu na ce, "Ga abin da ya cinye masa kai."

Ni na faɗa. Bari in rubuta don kar in manta gobe.

Gaskiya na daɗe ina jin haushin littattafan. Lokacin da masaƙa ta rufe a Kakuri Baba ya rasa aiki, aka ce mutum ɗaya ne zai wuce jami'a. Na fi Wilfred lissafi, shi ma ya sani. Aka kai ni koyon ɗinki. Ban taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Bayan an tashi coci aka kai shi gidan addu'a a Kakau. Kawu ya san mai wurin. Wilfred bai yi gardama ba, ya dai tambaya ko zai tafi da biro.

Kawu ya ce a ƙona littattafan kafin rana ta faɗi. Mama ta miƙo min kananzir. Na je bayan gida na ƙona guda ɗaya, mafi kauri. Ya daɗe bai ci ba, sai da na riƙa buɗe shi da sanda. Da na ɗauki na biyu sai na ga rubutunsa a shafin farko, sunansa da "Zariya, 2017", da wannan ƙaramin rubutun nasa mai kwanciya gefe. Na kasa. Na ɓoye biyun a cikin zanina na kai shago, na sa ƙarƙashin atamfofi.

Na ce wa Mama duk sun ƙone.

Laraba, 15 ga Mayu

Na yanka wa Janet, mai kawo min ɗinki, hannun riga biyu duka na hagu. Na rufe shago da wuri.

Asabar, 18 ga Mayu

Na je Kakau da kunu da ƙosai. Ba su bari na gan shi ba, wai yana cikin azumi na kwana bakwai. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ana waƙa a ciki. Ruwa ya sauko, na dawo da kunun.

Talata, 21 ga Mayu

Na buɗe ƙaramin littafin. Ina so in ga inda abin yake, wurin da ya kama shi. Turancina ya yi tsatsa, kowane layi sai na duba kalma a waya. Kwana biyu, shafi shida.

Sai ga shi. Mutumin ya ce lokaci ba gudu ɗaya yake yi a ko'ina ba. Agogon da ke kan dutse ya fi na cikin kwari sauri, da ɗan abin da mutum ba zai taɓa ji ba, amma an auna an gani. Nauyin duniya ne ke jan lokaci yana rage masa gudu a ƙasa. Ko agogo biyu ne, ɗaya a kan tebur ɗaya a daɓe, akwai bambanci.

Ashe abin da ya faɗa min a cikin keke gaskiya ne. Ni kuma na ce ya yi shiru.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na wuce shafi arba'in. Har yanzu ban ga aljani ba. Mutumin a hankali yake magana, kamar Baba in yana nuna mana yadda ake gyara fitila. Wurare da yawa yana cewa bai sani ba, ana nan ana nema. Bai ce kowa ya rufe yara a aji ba. Bai ce rediyo na da kunne ba.

Chinedu ya biyo ta shago, abokin Wilfred tun firamare, mai gyaran mota a Kakuri. Ya kama ni da littafin a cinya. Na yi sauri zan ɓoye, ya ce in bari. Ya ce, "Anti, shekara bakwai yana karanta abin nan lafiya ƙalau. Har ni yana damuna da shi a gareji. Wannan ciwo ne." Wai ɗan gwaggonsa ya yi irinsa, mutumin da ko jarida ba ya buɗewa. Asibiti aka kai shi.

Idan ba littattafan ba ne, to me na yi?

Asabar, 1 ga Yuni

Na gan shi.

Yana zaune a wata rumfa a bayan ɗakin sujada, an ɗaure masa ƙafa da sarƙa a jikin ginshiƙi. Wurin da ƙarfen yake ya zama gyambo, ƙuda na bi. Ya rame har na ga ƙashin wuyansa. An aske masa kai. Mai kula da marasa lafiyar ya ce don kar ya gudu titi mota ta buge shi, kuma ai yana samun sauƙi, ya daina surutu.

Ya daina, gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Yaya, yau wace rana?" Na ce Asabar. Ya ce, "Ta wane wata?"

Na yi amai a bakin titi kafin in sami mota.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ban je coci ba. Da Mama ta dawo na zaunar da ita na faɗa mata komai: sarƙar, gyambon, da littattafan da ban ƙona ba. Na ce ƙarya na yi musu tun farko, ban san komai ba na ɗora wa takarda laifi.

Sannan ta ce Baba yana da ƙane, Daniel, wanda ba a taɓa ba mu labarinsa ba. Manomi ne, bai yi boko ba. Yana shekara ashirin da wani abu ya fara irin wannan. A ɗaure ya mutu a ƙauye.

Na ce, "Mama, kin sani kenan."

Ta ce, "Da kika ce littafi ne sai na ji sanyi. Littafi ana iya ƙona shi."

Talata, 4 ga Yuni

Mun je da motar Chinedu, ni da Mama. Kawu George ya samu labari ya riga mu isa. Ya tsaya a gabana ya ce na fi ƙarfin addu'a ke nan, kuma idan yaron ya lalace a hannun likitoci, a kaina yake. Mai wurin ya ce saura kwana tara a gama, kuma wanda ke riƙe da makulli ya fita.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "George, ni na haife shi." Ta juya ta ce wa Chinedu ya ɗauko abin yankan ƙarfe a mota. Kafin ya dawo makulli ya fito.

Daga can asibitin masu taɓin hankali muka wuce. An ba shi gado.

Juma'a, 21 ga Yuni

Na tambayi likitar ko karatu ne ya jawo. Ta ce a'a. Ta ce ciwon yana amfani da duk abin da ya tarar a cikin kan mutum ne. Da tela ne, da zancen zare zai riƙa yi. Na tambaya ko zai warke. Ta ce zai iya komawa rayuwarsa, amma magani zai daɗe yana sha, wataƙila har ƙarshen ransa. Ta ce makonnin da ya yi a ɗaure ba su taimaka ba. Ba ta san ni ce na jawo aka kai shi can ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Kwana goma da dawowarsa gida. Wannan ba Wilfred ɗin da na sani ba ne. Yana tafiya a hankali, ya wuni yana kallon bango. Makarantar ta ɗauki wani. Matan zumunta na coci sun zo gaisuwa, suna yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. Kawu bai sake zuwa ba.

Na kawo masa littattafan biyu. Ya buɗe ɗaya, ya kalli shafi ɗaya na tsawon lokaci, ya rufe. Ya ce kalmomin ba sa tsayawa. Sai ya ce, "Ina babban?"

Na ce na ƙona shi. Ni da hannuna. Na ce kuma ni na ce musu littattafansa ne.

Bai yi fushi ba. Da ma ya yi. Ya ce kawai, "A ciki na yi rubutu da yawa." Ya juya ya kwanta. Na mayar da littattafan shago.

Litinin, 29 ga Yuli

Kwana goma sha biyu bai ce min komai ba sai gaisuwa.

Asabar, 10 ga Agusta

Mama ta ce zaman ɗaki zai ƙara masa ciwo, don haka tun Laraba yake bina shago. Yana zama a benci yana ware min maɓallai. Ba ma hira.

Yau ina guga, abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya ya fito da kansa. Na ce, "Wilfred, ban gane wurin da mai littafin ya ce zafi ne kawai ya bambanta jiya da gobe ba." Na yi nadama nan take, na zaci zan tayar masa da ciwo.

Sai ya ce in cire dutsen guga daga wuta in ajiye. Ya ce, "Zai huce, ko?" Na ce e. Ya ce, "Kin taɓa ganin ya tattaro zafin daga iska ya sake ɗauka da kansa?" Na ce a'a. Ya ce kusan duk sauran dokokin kimiyya ba ruwansu da gaba ko baya, wannan ne kaɗai yake bin hanya ɗaya. Yana magana yana tsayawa, wani lokaci kalma ta ɓace masa, in jira. Na yi masa gardama a wuri ɗaya, ya ce tambayar da kyau, shi ma bai san amsar ba. Janet ta zo karɓar kayanta, ta tsaya ta gaji, ta ce za ta dawo Litinin.

Ban san ko zai sake tsayawa a gaban aji ba. Ban san ko ya yafe min ba, ban kuma tambaya ba.

Da za mu rufe ya ga ƙaramin littafin a aljihun keken ɗinki. Ya miƙo hannu ya ce zai gwada shafi ɗaya a gida.

Na ba shi ɗayan. Na ce wannan ban gama ba, saura babi huɗu.