Kujerar Da Ta Toshe Mini Kunne

Ƙofar Taramniya, Sakkwato,
14 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Jalaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Atika da yara, Ya kuma sauƙaƙa maka karatun da ya kai ka Malesiya. Mu nan muna lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa islamiyya da kanta. Baba yana nan da karatunsa na zaure bayan la'asar, kuma ya ce in tuna maka littafin da ka tafi da shi aro ne, ba kyauta ba.

Na ga saƙonka na taya ni murnar zama darakta, wanda sai yanzu ka tuna ka aiko, wata huɗu bayan abin. Ban amsa ba don ka buɗe shi da "ranki ya daɗe", ni kuwa a kwanakin nan ba na ƙaunar jin wannan kalma. Bari in gaya maka dalili.

Ka san shekara huɗu na yi ina kula da manhajar kamfaninmu, wadda ke aika wa manoman fadama saƙon murya ta waya a kan ruwan sama da cikar gulbi da ƙwari. Ni ke yanke abin da za a sa mata da abin da za a cire. Kowace Alhamis ina ƙauyen Kwalkwalawa wurin Malam Illo, wani dattijo manomin shinkafa, wanda ba ya kirana da komai sai 'yar boko. Wanke ni yake yi tas. Yau ya ce saƙon ya yi tsawo, gobe ya ce mai maganar tana sauri kamar ana korarta. Ina dawowa da littafina cike da faɗansa, kuma wallahi duk abin kirkin da ke cikin manhajar nan daga bakinsa ya fito.

Da aka ɗaga ni a watan Yuni, aka ba ni sassa huɗu, da ofis a sama, da direba, da taro daga safe har la'asar. Nasiru ya gaji tsohuwar kujerata. Arzika, abokin aikina da muka yi shekaru muna musu har muryarmu ta dishe, ya koma miƙewa tsaye in na shigo. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini daɗi, kuma wannan shi ne kashi na farko na abin da nake ƙyama.

Wata rana a Yuli muna taro, ina tunani a fili yadda na saba, sai na ce ko saƙon rubutu zai fi saurin fita a kan ɗaukar murya. Tambaya ce kawai. Da a da ne, Arzika zai katse ni ya ce in bar shirme, rabin manomanmu ba su karanta boko. Ranar kuwa kowa ya gyaɗa kai. Na wuce zuwa wata magana, na manta. Ashe an rubuta a takardar taro cewa umarnin darakta ne, kafin mako ya zagayo an daina aika murya gaba ɗaya. Duk Litinin rahoto na zuwa teburina cewa saƙonni sun isa, komai daidai, ni ma ina sa hannu ina jin na iya shugabanci.

A Satumba gulbi ya cika. Mun aika gargaɗi kwana uku kafin ruwan ya hau, amma a rubuce. Wayar Malam Illo ta yi ƙara, ya ɗauka tallar kamfanin waya ce, ya mayar aljihu. Ruwa ya cinye shinkafarsa da ta kusa yanka, ya tafi da injin ban-ruwansa. Kuma ba shi kaɗai ba ne.

Ka san daga ina na ji? Ba daga ofis ba. Inna ce ta gaya mini, ita ma daga bakin Sadiyatu mai kawo mata shinkafa. Na kira Nasiru da Arzika, sai ga shi tun makon farko sun san manoma ba su buɗe saƙon. Nasiru ya ce ba tarbiyya ba ce na ƙasa ya ce wa babba ya yi kuskure. Arzika ya ce ba su so su kunyata ni ina sabuwar hawa kujera. Yaya, ka ji fa! An kare mini fuska da abincin shekarar mutane, kuma suna faɗa suna jiran in gode musu. Amma da na duba, ni ma wata uku ban taka Kwalkwalawa ba, ina sama ina shan iskar na'urar sanyaya ɗaki, to wa zan fi jin haushi?

Alhamis ɗin da ta wuce na je. Malam Illo na hango motar ya aika aka aro kujerar roba, alhali a da kan kunyar gona muke zama. Muna tsaye a bakin gonar, ba komai sai taɓo da ruɓaɓɓen kara mai wari, na tambaye shi abin da ya faru. Ya sunkuyar da kai ya ce lahiya lau, ranki shi daɗe, hukuncin Allah ne, saƙonmu kuma yana zuwa a kan kari. Na ce laifina ne, na roƙe shi ya yi mini faɗa yadda ya saba. Ya yi ɗan murmushi ya ce ai yanzu na zama manya, wa ya isa. Na dawo mota na yi kuka, direba yana ta ba ni haƙuri da ranki ya daɗe.

Ranar na sa aka dawo da saƙon murya. Na rubuta wa masu kamfani rahoto da sunana a matsayin mai laifi, na kuma nemi a taimaka wa manoman da iri da injin kafin noman rani. Litinin za su zauna a kai, mai yiwuwa su karɓe kujerar, kuma ban san ko zan yi baƙin ciki ba. Na tara ma'aikata na ce daga yau duk abin da na faɗa ba umarni ba ne sai na sa hannu, kuma wanda ya ga na kauce ya faɗa a gaban kowa. Na tambaya ko akwai mai ja da wannan. Suka haɗa baki suka ce babu, ranki ya daɗe.

Ka gaishe mini da Anti Atika, da Sa'ad da Lailatu, ka ce su dage da karatu. Inna da Baba suna sa muku albarka, 'yar'uwarmu Adawiyya ma tana gaisuwa.

Roƙona ɗaya ne. Tun ina yarinya kai ke kirana Mai Kunnen Ƙashi, kai ke gaya mini in na yi wauta. In za ka amsa, ka amsa da wannan sunan, ka kuma faɗa mini gaskiya ko da zafi. A Sakkwato dai yanzu babu mai yi mini.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Zakiyya