Don Kakana

Daren Asabar, 9 ga Maris, Moss Side

Yau faifan su Zainab na biyu ya iso daga Birmingham. A bayansa jikar tawa ta rubuta "Don kakana." Da kaina na karanta, ba wanda ya taya ni. Don murna har na ɗauki riga zan kai faifan wurin malamar ajinmu na koyon karatu da yamma, sai na tuna council, hukumar gari, ta rufe ajin tun bara.

Na kunna ina jiran ihu da ganguna irin na faifan farko, kiɗan punk ɗin da matata Hajiya ke cewa kamar an zubar da kwanuka. Sai na ji muciya na bugun tukunya, ga muryar Hajiya tana 'yar waƙarta ta tuƙin tuwo, jita na bin ta a hankali. Wata takwas da rasuwarta, har yau a gefena na gadon nake kwana.

Na kira Zainab. Ta ce, "Grandad, ka saurara? Duk na Nana ne, shi ya sa na rubuta kakana."

Hajiya take kira Nana. "Kakata" take nufi. Ban gyara mata ba. Da ma Hajiya ce mai gyara mata Hausa.